Dagin da Na Kulle

Da na ajiye aikin koyarwa, likita ya ce mini in dai ina so in ci gaba da tashi daga tabarma ba tare da an kama ni ba, to in nemi abin da zai riƙa motsa mini jiki kullum. Ya ce in riƙa takawa a ƙasa safe da yamma. Na gwada kwana huɗu. A Talata Mafara dattijo ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Duk mai babur da ya san ni sai ya tsaya ya ce in hau, wanda ba shi da babur kuma sai ya tare ni da tambayar ko lafiya. Rana ta huɗu wani tsohon ɗalibina ya rantse ba zai wuce malaminsa a ƙasa ba, ya ɗora ni a baya ya mayar da ni ƙofar gidana. Tafiya ta ƙare ke nan.

Sai na juya ga filin da ke bayan ɗakunanmu, wanda muka ajiye don mu gina wa yara ɗaki, yaran suka girma suka watse ba a sa bulo ko ɗaya ba. Akwai rijiya a gefe. Na ce wa mai ɗakina lambu zan yi: yakuwa, alayyahu, kuɓewa, tumatir, da 'yan itatuwa a jikin katanga. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take yi wa jikoki idan sun ce za su zama matuƙan jirgi.

Matsalata bayana ne. Shekara talatin da wani abu ina tsaye gaban allo, ƙashin bayana ya sandare daga ƙugu zuwa ƙasa. Idan na duƙa ya wuce wata ƙa'ida, sai in ji kamar an soka mini ƙusa, in kwana uku ina salla a zaune. Saboda haka tun farko na san lambun nan ya dogara ne ga samun kayan aikin da bayana zai yarda da su. In ban same su ba, babu lambu, in kuwa babu lambu to na koma tabarma da rediyo.

Babban ɗana da ya ji labari ya aiko mini da kwali guda daga birni. Akwai shebur, akwai manjagara, akwai wani ɗan cokalin haƙa mai koren fenti, har da safar hannu. Kaya ne masu kyau a ido, na jera su a tsakar gida ina kallo. Amma wanda ya ƙera su bai taɓa ganin ƙasar bayan gidana ba. Laka ce baƙa, da damina ta kama ƙafa, da rani ta daskare ta tsattsage. Cokalin nan sau biyu na danna shi ya lanƙwashe. Yanzu haka yana madafa, da shi ake kwasar toka. Manjagara ta zubar da haƙora uku a mako guda. Na bi kasuwa ranar Talata na sayi fartanya irin ta kowa, mai gajeriyar ƙota da faffaɗan baki. Na yi noma da ita rabin sa'a, aka kama ni zuwa ɗaki.

Da na warke sai na tuna da maƙerar da ke bayan kasuwar Bakura, garinmu na haihuwa, inda ake yi wa mahaifina garma. Tsohon maƙerin ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a wurin, shi ma gemu ya yi fari. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce fartanya nake so.

"Wa ka aiki da ita?" ya tambaya.

Na ce ni ne.

Ya dubi hannuna, ya dubi takalmina, ya miƙo mini wata tsohuwar fartanya daga gefen murhu. "Tau, Malam, duƙa mu gani."

A gaban masu jiran lauje da masu jiran gatari, ni da na yi shugabancin makaranta, na tattare riga na duƙa ina kartar ƙasa. Ya sa na canja fartanya har sau uku. Ya zagaya bayana yana kallo kamar mai sayen bijimi. Raina ya fara ɓaci, saura kaɗan in ce masa ba jarrabawa na zo ɗauka ba.

"Bayanka ba shi kaiwa ƙasa," in ji shi. "Kuma kana karkata hagun don gudun ciwo. Hauyak kasuwa ta masu ƙuruciya ta. Ka dawo bayan sati biyu."

Ya auna ni da igiya daga tafin hannu zuwa ƙasa, ina duƙe daidai inda ciwo ke farawa, ya ƙulla igiyar ya rataye a ƙusa. Abin da na tarar bayan mako biyu ƙaramar fartanya ce, bakinta bai fi faɗin tafin hannuna ba, an ƙera ta da ƙarfen sifirin na mota. Ƙotar ta itacen marke ce, ta fi ta kasuwa tsawo da taƙi guda, kuma ya buɗe bakin kaɗan yadda zai ci ƙasa ba sai na sunkuya sosai ba. Da na kai ta gida na shiga tsakanin kunyoyin alayyahu, na yi sa'a guda cur, na miƙe ban ji komai ba. Wallahi ranar nan sai da na tsaya ina dariya ni kaɗai a bayan gida.

Saura itatuwa. Ƙarƙashin lakar nan, da an yi kamu ɗaya, marmara ce ja mai taurin tsiya. Dashen gwaiba da lemun tsami kuwa suna son rami mai zurfi. Maƙerin Bakura ya ce wannan ba aikinsa ba ne, in tafi Maradun wurin wani da ke yi wa masu ginar rijiya dagi. Na tafi da sassafe, don hanyar yanzu ba a yarda yamma ta riski mutum a kanta. Wannan maƙerin ba shi da yawan magana. Ya tsayar da ni jikin bango, ya ja layi da gawayi daidai kafaɗata, ya ba ni ƙarafa uku in ɗaga, ya zaɓi na tsakiya. Ƙarfen ƙafar babbar mota ne. Ya fafe masa baki ɗaya kamar kurfi, ɗayan ya yi masa tsini. Ya nuna mini yadda ake yi: a tsaya a miƙe, a ɗaga, a sake shi ya faɗa da nauyinsa. Ba duƙawa, ba yunƙuri. Da wannan dagi na fasa marmara na dasa gwaiba huɗu da lemo biyu da layin zogale.

Waɗannan biyun su ne nawa. Sauran tarkace, su lauje da bokiti da adda, na kasuwa ne, in sun ɓace ban cika damuwa ba. Amma fartanya da dagi kullum na gama aiki sai na wanke su, na goge, na jingine su a zaure inda iska ke shiga. Zaure kuwa kowa ya san hanyar kowa ce.

Maƙwabcina dillalin albasa ne, katanga ɗaya ta raba mu fiye da shekara ashirin. Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Kusan kullum bayan La'asar muna zaune a dakalin ƙofar gidansa. Matarsa da tawa kuwa sun wuce ƙawaye, akwai wani wuri da katanga ta ɗan zube, ta nan suke miƙa wa juna garwashi da daddawa da labari. Mutumin kirki ne, kada a ce na ɓata shi. Idan albasa ta fito daga gonakin dam ɗin Bakolori, buhu guda yake sa a ajiye mini a ƙofa ba tare da ya ce komai ba. Aibinsa ɗaya ne: a wurinsa duk abin da ke gidansa na unguwa ne, haka ma duk abin da ke gidana.

Ranar farko cewa ya yi, "Malam, ara man hauyag ga taka in ɗan share bakin kwata." Na ba shi da hannu biyu. Ta dawo da yamma. Karo na biyu ta kwana. Karo na uku ta yi kwana biyar, da na tambaya sai ya ce ai surukin ƙanensa ya gan ta ya yaba, ya karɓa zai ɗan gyara gindin rumbu. Ni kuma ciyawa ta rufe mini tumatir ina kallo. A nan garin in ka ba da aro, kai ne mai jin kunyar tambaya. Sai ka yi ta zagaye, ka gaida mutum, ka tambayi iyali, ka yi maganar zafi da tsadar taki, sannan can a ƙarshe ka ce, "Af, ko an gama da 'yar abar nan?" kamar kai ne ka zo roƙo.

Daga Alhaji labari ya bazu. Wai akwai fartanya gidan Malam mara nauyi, akwai dagi da ba ya jin tsoron dutse. Aka fara sallama. Wani zai kafa rumfa, wani zai haƙa masai, wani akuyarsa ta mutu zai binne. In ba na nan ma ba a fasa ba, mai ɗakina ba ta iya cewa a'a, daga bayan ƙofa za ta ce a duba zaure. Dagina ya taɓa tafiya har Jangebe kafa shingen wata gona, ya yi kwana goma sha biyu. Dashen mangwaro biyu da na karɓo daga masu lambun Bakolori suka bushe a leda suna jiran rami. Fartanya kuwa wata rana ta dawo da busasshen siminti har wuya, wani magini ya kwaɓa da ita. Na zauna da dutse ina kankarewa, ina zagi a cikin ciki, wanda ya dawo da ita yana tsaye yana ba ni labarin yadda ginin ya yi kyau.

Na gwada dabaru. Na ƙona wa ƙotar shaida da ƙusa mai zafi, sai shaidar ta zama abin da ake gane ta da shi a ce, "Ga ta Malam can, karɓo muna." Na sayi fartanyar kasuwa na jingine a zaure don masu aro, na ɓoye tawa a bayan randa. Alhaji ya ɗaga ta kasuwar, ya jinjina, ya ajiye. "A'a, ba wagga ba. Ƙaramar nika so."

Na ce masa, "Alhaji, ƙaramar an auna ta da bayana ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Malam! Hauya ta, ba riga ba."

Abin da ya kai ni bango ya faru ne farkon bazara. Fartanya ta yi mako guda a waje. Ranar da ta dawo Alhaji da kansa ya kawo ta, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ƙotar ta tsage a hannun wani, shi kuma bai so ya dawo mini da abu a karye ba, sai ya kai kasuwa aka sa sabuwa. Ga ta nan, fara sol, gajeriya, mai kauri kamar taɓarya. An kuma buga bakin ya rufe irin na kowa. Na tambayi ina tsohuwar ƙotar. Ya ce ai an sa a wuta.

Me zan ce? Mutum ya yi maka gyara yana jiran godiya. Na yi godiya. Da ya fita na zauna a zaure cike da haushi. Washegari taurin kai ya sa na shiga lambu da ita haka nan, don alayyahuna na neman shara. Ban kai ƙarshen kunya ta biyu ba ƙusar nan ta soke ni. Kwana takwas na yi a kwance, mai ɗakina na gasa mini baya da ruwan zafi, ina jin kaji na tone mini alayyahu ba ni da ikon ko korarsu.

Ranar da na tashi abu biyu na yi. Na kai fartanya Bakura, maƙerin ya juya ta yana girgiza kai, ya ce sai ya nemo marke busasshe, in dawo bayan sati uku. Da na dawo gida na tsaya wurin masu kayan gini na sayi kwaɗo babba. Akwai ɗan ɗaki a jikin zaurenmu da muke zuba tarkace. Na kwashe dagi da lauje da adda da komai na zuba ciki, na datse, na jefa makulli a aljihu.

Mai ɗakina ta fito ta tsaya tana kallon kwaɗon.

"Malam, garin ga ba a kulle ƙarhe," ta ce.

Na ce to yau an fara.

"Tau ka bar man makullin, ko da wani abu ya taso."

"In bar miki? Ke da ko kare ya yi sallama sai kin ce ya duba zaure?"

Ta juya ta koma ciki. Ni kuwa na ji daɗin kaina ƙwarai. Kwana biyu bayan haka wani ya zo neman dagi, na dube shi ido cikin ido na ce ina da aiki da shi. Alhaji ma ya leƙo zaure ya ga kwaɗo, ya ce, "Iye, Malam ya buɗe banki," ya yi dariyarsa ya wuce. Muka ci gaba da zaman dakali kamar da. Mako uku na yi ina barci da daɗi, duk safiya in buɗe ɗaki in ga dagina a inda na bar shi.

Akwai abin da ban faɗa ba tun ɗazu, don ni ma ranar da na sayi kwaɗo ban kawo shi a raina ba. Sabon ɓangaren maƙabartar unguwarmu a kan marmara yake. Tun da dagina ya zo, duk ranar da aka yi rasuwa wani daga cikin masu haƙa zai shigo zaure ya ɗauka, ko sallama ba sai ya yi ba, kuma kafin magariba an dawo da shi a wanke. Su kaɗai ne masu aron da ba su taɓa ɓata mini rai ba, shi ya sa ban lissafa su cikin masu aro ba. Tsohon dagin maƙabarta ya dakushe, ƙotarsa ta itace ta yi rauni, ba wanda ya damu ya gyara tunda ga na Malam. A makonni ukun nan kuma Allah bai ɗauki ran kowa a unguwa ba.

Ranar karɓo fartanya na fita bayan Asuba, makulli a aljihu. Kwana biyu ba mu da wuta, wayata ta mutu tun ina tasha. A Bakura maƙerin ya sa na sake duƙawa, ya ɗan rage ƙotar, ya buɗe bakin, ta dawo daidai yadda take. Na biya gidan yayata, ta hana ni tafiya sai na ci tuwo. Na yi Azahar a can, na hau mota hankalina kwance, fartanya a kan cinya ina shafa ƙotar.

Mai babur ya sauke ni a bakin layinmu dab da La'asar, don ba hanyar wucewa. Tabarmi ne shimfiɗe daga ƙofar Alhaji har ƙofata, maza zaune jere, ƙafafunsu da jar ƙasa. Na tambayi na bakin layi, ya ce matar Alhaji ce. Ta daɗe tana fama da ciwon suga, ta faɗi bayan ta idar da sallar Asuba. Yanzun nan aka dawo daga kai ta.

Na ce, "Yanzu? Rasuwar Asuba?"

Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce ƙasa ce ta yi gardama.

Babu wata hanyar shiga gidana sai ta tsakiyar mutanen nan. Na ratsa su da sabuwar fartanya a hannu, ba inda zan ɓoye ta. Ana amsa sallamata, ana matsa ƙafa in wuce. Ƙanen Alhaji na zaune jikin bango, ya naɗe tafin hannunsa da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Na durƙusa gaban Alhaji na yi masa gaisuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi ba da lada, Malam. An dawo lahiya? Ya mutanen Bakura?"

A cikin gida na tarar da mai ɗakina zaune a ƙofar madafa, idanunta sun kumbura. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Tun da hantsi masu haƙa sunka zo neman dagi," ta ce. "Na maƙabarta ya karye sara na hwarko. Na kira ka har na gaji. Nic ce musu su ɓalle kwaɗon, ni na yarda. Anka je anka hwaɗa ma Alhaji, yac ce a'a, ba a ɓalle ma mutum ƙohwa ba shi nan."

Na ce ai da sun ɓalle.

"Sai da sunka zagaya gari kahin su samu diga wurin wani magini. Da ita da addar mutane sunka yi ta hwama har rana ta take. Ita ko tana kwance bayan katangag ga cikin zahin nan, an yi mata wanka tun da sahe. Ni ina nan tsaye, Malam. Shekara ashirin ba ta taɓa miƙo hannu nic ce babu ba."

Na buɗe baki in ce ba ni kaɗai ke da ƙarfe a Talata Mafara ba, in ce da an gyara na maƙabarta tun bara da duk haka ba ta faru ba, in ce kwana takwas na yi a kwance ba wanda ya zo ya share mini kunya ɗaya. Duk gaskiya ne. Na rufe bakina, na fita zaure na buɗe kwaɗon, na zare shi daga ƙofar gaba ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai na samu Alhaji shi kaɗai a dakali. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa ban san abin da zan ce ba game da ranar nan, ya yafe mini.

"Haba Malam, ba komi," ya ce. "Kayanka na. Kowa da ikon kayanshi."

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na so ya tashi ya nuna ni da yatsa, ni ma in samu in amayar da nawa, in tuna masa siminti da Jangebe da ƙotar da aka sa a wuta, mu yi ta ta ƙare. Bai ba ni wannan damar ba. Ya tambaye ni ko gwaiba ta fara fure.

Na mayar da fartanya da dagi zaure, na jingine su a fili inda duk mai wucewa zai gani. Masu haƙa sun haɗa hannu sun yi wa maƙabarta sabon dagi, ba a zo mini da maganar ba sai daga baya na ji. Sauran 'yan unguwa ma suka ɗauke ƙafa. Kullum kayana na nan cif, a wanke, ba siminti, ba tsaga. Lambu ya yi kyan da bai taɓa yi ba, bayana ya lafa, ina sallata a tsaye. Abin da na nema ke nan, kuma na samu. Har yau in na zauna na auna, ina ganin ina da hujja a kan fartanyar nan, sai dai hujjar ba ta hana ni jin nauyi duk lokacin da na wuce zaure.

Da damina ta sauka aka yi wani ruwa mai ƙarfi da rana, kwatar da ke gaban gidajenmu ta toshe, ruwa ya fara komawa zauren Alhaji. Da aka ɗauke na fito na gan shi tsugune a bakin kwata, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana kwasar laka da murfin tsohuwar langa. Mutum mai shekara kusan saba'in. Na koma da sauri na ɗauko fartanya, na zo na tsaya a kansa na miƙa masa, ƙota ta gaba.

"Alhaji, ga hauya."

Ya ɗago ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Na gode, Malam. Bar ta, na kusa gamawa."

Bai kusa ba, ko rabi bai yi ba. Na ce to ya matsa in yi masa. Ya ce a'a, in kula da bayana. Ya sunkuya ya ci gaba da kwasa da murfin langa, ni kuma ina tsaye a cikin ruwa da fartanya a hannu har aka kira La'asar.